Wasiƙun Inna Hajo da na riƙe

Kafin na lalace, ni ɗan ƙwadago ne a gonakin shinkafar Kura, ina dashe ina sakin ruwa, ba wanda ya taɓa kuka da ni.

Gidan da na kama haya, wata tsohuwa ce, Inna Hajo, ta tashi daga ciki ta koma wurin 'yarta a Bunkure. Kun san halinmu, ko mutum ya shekara goma da tashi, da sunansa ake kiran gida. Ranar da wani direba ya tsaya da ƙunshi da wasiƙa ya tambaya ko nan ne gidan Inna Hajo, na ce nan ne. Na yi niyyar kai mata, amma sai na buɗe.

Daga ɗanta ne, wanda ya yi fushi ya tafi Fatakwal shekaru da yawa, ba wanda ya san inda yake. Gafara yake nema, ga atamfa, ga lambar wayarsa. Atamfar na sayar. Da na ji daɗi, sai na kira shi a matsayin maƙwabci, na ce Inna ta yafe, amma kunnenta ya yi nauyi, ya riƙa aikowa ta hannuna. Shekara biyu ina cin saƙo, ita kuwa tana can tana zaton ɗanta ya mutu.

Rana dubu ta ɓarawo. Da kaka sai ga shi a ƙofar gida da jakarsa, yana sallama da murna. Aka ɗaure ni, kuma ban ga laifin alƙali ba.

Da na fito, na kwashi wasiƙun na nufi Bunkure. Na same ta tana tsince shinkafa, ɗan nata kuwa yana gona, don yanzu tare suke zaune. Na durƙusa na faɗi ko ni wane ne. Ta daɗe tana kallona.

"Atamfa na yafe, ɗan nan," in ji ta. "Kukan shekara biyu ne ya yi mini ciwo. Zauna ka karanto mini wasiƙun, ai ka iya boko ko?"

Na karanta su duka, tana dariya tana share hawaye, har ta sa aka zubo mini abinci. Wallahi na ƙaunaci tsohuwar nan, kuma abincin ya fi kurkuku yi mini nauyi.

'Yan'uwana matasa, in saƙon wani ya faɗo hannunku, ku nemi mai shi tun ranar. Ni kuɗin mota zuwa Bunkure kawai na ƙi kashewa.