Malam Mamuda da Kumfar Tafkin da Ta Kusa Cin Rai

Ƙarfe bakwai na safe Malam Mamuda ya riga ya jingine kekensa bayan ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren da ya yi wa aiki shekara talatin da biyar a Ƙaura Namoda. Kafin ya ɗauki tsintsiya sai ya jera kwalabensa na koren ruwa a taga, inda rana ke faɗowa. Shi ba malamin aji ba ne, kula da kayan gwaji ne aikinsa. Amma duk ɗalibin da darasin yadda tsiro ke haɗa abinci da haske ya ɗaure wa kai, wurinsa yake lallaɓowa.

"Koren nan da kuke kira gansakuka," in ji shi, "ƙwayoyi ne masu rai, sayanobakteriya. A cikin kowace akwai tashoshin furotin. Haske ya bugi tashar farko, ta fasa ruwa, ta fizgi ilektiron, iska ta fito kumfa-kumfa. Ilektiron fasinja ne. Wannan ɗan kabu-kabu ya ɗauka ya sauke, wancan ya karɓa, har tasha ta biyu. Nan ya gaji, haske ya ƙara masa ƙarfi, ya ƙarasa inda ake haɗa abinci. In babu rana, tasha a rufe take."

Ɗalibai suka yi ta dariya, suka laƙa masa Sarkin Gansakuka.

Sai bazarar bara. A wani ƙauye gefen Galadi, shanu bakwai na Arɗo Yari suka sha ruwan tafki suka mutu cikin kwana uku. Lambun Murtala ne a bakin tafkin, kuma mako guda kafin nan shanun sun karya masa shinge, an yi cacar baki. Da tsakar rana makiyaya suka ga ruwan ya yi kore shar yana kumfa, suka ce ga gubar da Murtala ya zuba nan tana tafasa. Maigari ya ɓoye Murtala a zaurensa. Samarin ruga suka ce la'asar ɗin gobe za su zo su ɗauke shi.

Mardiyya matar Murtala, tsohuwar ɗalibarsa, ita ta buga waya tana kuka. "Baba Malam, kumfar nan irin ta kwalabenka ce, amma wa zai ji maganata?"

Da sassafe ya shiga mota zuwa Shinkafi, daga nan ya hau babur, a hanyar da mutane ba sa bi sai dole. Kafin azahar yana bakin tafki, jama'a sun yi cirko-cirko, sanduna a kafaɗa.

Ya cika kwalba biyu da ruwan tafkin. Ɗaya ya ajiye a rana, ɗaya ya kife da ƙwarya. In kumfa ta ƙi fitowa, ba shi da wata hujja. Can sai wadda ke rana ta fara tara kumfa. Ya ɗaga ƙwarya: ɗayar ko ɗigon kumfa babu.

"Arɗo, ka taɓa ganin gubar da ke jiran rana kafin ta yi aiki?"

"Malam, kai ka zaɓi kwalabe," in ji Arɗo. "Bari in musanya da hannuna."

Ya musanya, ya tsuguna ya zuba ido. Wadda aka fito da ita rana ta kama kumfa. Wadda aka kife ta daina ƙarawa.

"To mi ya kashe mini shanu?"

"Koren ne. In ya yi yawa cikin zafi, wani irinsa na da dafi. Takin lambu ya ciyar da shi, kashin shanu ma ya ciyar da shi. Babu hannun da ya zuba komai."

Arɗo ya nuna ruwan. "Ke nan har shanuna na cikin masu laifi."

Wani ya tuntsire da dariya, sanduna suka sauko. Mardiyya ta durƙushe tana hamdala. Kafin la'asar an kewaye tafkin da ƙaya, Murtala ya fito daga zaure, ya kunna injin ban-ruwansa a rijiya, sauran shanun Arɗo suka sha.

Kai ne, Malam Mamuda, wanda ya wanke kwalba shekara talatin da biyar ba a taɓa kiran sunansa a taro ba. Kai ne ka ɗauki abin da ido ba ya gani ka ajiye shi gaban mutanen da ransu ya ɓaci, har suka gani. Sarkin Gansakuka, sunan tsokana ya zama na girma.

Makon jiya ya yi ritaya. Arɗo Yari ya zo da kansa, ɗauke da ƙwaryar nan cike da man shanu, Murtala ne ya goyo shi a babur.

Mun gode, Baba Malam. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta cikin rufin asiri. Ku kuma da kuka san wani abu, komai ƙanƙantarsa, ku koyar da shi yadda za a gane, kuma ranar da aka kira ku, ku hau babur ku je.