Ƙafar da Kawu Ya Rasa a Cikin Dutse

Kawuna ya yi ƙuruciyarsa a ramin haƙar kwal. Da ƙirjinsa ya fara ciwo, sai gidan adana kayan tarihi ya ɗauke shi aikin gyara duwatsun da ake kawowa daga tsohon ramin, tunda ya san inda dutse ke tsagewa. Ɗakin aikinsa ƙarami ne: tebur, fitila, gilashin ƙara girma da allurai. Da allura yake kankare dutse a hankali, har ganye ko ƙwaron da ya daskare a ciki ya fito fili. Abokan aiki Mai Allura suke ce masa.

Bara aka ba shi wani dunƙulen dutse da bai kai ƙwan kaza ba. A cikinsa akwai wata halitta mai kama da gizo-gizo, girman farcen babban yatsa. Malamar da ke nazarin irin waɗannan halittu ta ce ya lallaɓa, ba a cika samun mai kyau haka ba.

Da ya gama fito da ƙafafun, ya ƙirga ya ga bakwai, alhali takwas ya kamata. Dama tun kafin nan hannunsa ya soma rawa, kuma yana ɓoyewa. Matarsa, da muke kira Inna, ita kaɗai ta sani, don ita ke goge shayin da yake zubarwa.

A bakin ƙofar gidansa ya gaya mini, yana murza yatsunsa. Ya ce idan allurarsa ce ta cinye ƙafar, to ya ajiye aikin ke nan.

“Abin da ya shekara miliyoyi lafiya lau, ɗana, a ce a hannuna ya zo ya karye?”

Inna ta leƙo daga kicin. “Malam, kullum da tsintsiya nake kashe ’yan uwansa, ban taɓa ganin ka zauna makoki ba.”

Bai yi dariya ba, abincin ma taɓawa kawai ya yi.

Da kansa ya je ya faɗa wa malamar. Ba ta yi faɗa ba, ta kai dutsen na’urar da ke haska cikinsa, ta kira shi ya duba hoton. Ga ƙafa ta takwas nan a naɗe ƙarƙashin cikin halittar, inda allura ba ta taɓa kaiwa ba. Ta nuna masa bayan halittar, ɓawo ne jere bisa jere, kuma ba ta da wurin fitar da zare. Ta ce ba gizo-gizo ba ce, dangi ne na nesa da suka ƙare tun zamanin dazuzzukan da suka zama kwal. Kawu ya ce rabin bayanin bai shige shi ba, ƙafar kawai yake kallo.

Nan ya miƙa mata hannun ta ga yadda yake rawa. Ta ce ya riƙa yin aiki mai wuya da safe, ya ɗora wuyan hannunsa kan ’yar jakar yashi.

Da ya dawo gida ya shaida wa Inna cewa wannan ƙwaron ba ya saƙa ko kaɗan. Ta ce da irinsa ne suka rage a duniya, da ta huta da sharar kusurwa. Sannan ta yanke hannun tsohuwar rigarsa ta ɗinka masa jakar. Ranar sai da ya nemi ƙarin abinci.