Kiɗan da Ba Shi da Mai Shi

Mahaifina makaɗin gangar noma ne. Daga Madarunfa har Safo da Gabi, in za a yi gayya shi ake aika wa goro. Kowane manomi da takensa a hannun Baba. Ya hango wanda hauyarsa ta fara nauyi, ya buga masa nasa, ya haɗa da kirarin kakansa, sai ka ga mutumin ya zabura ya wuce na gabansa. Ni ban gaji komai ba. An kai ni lakwal, makarantar boko, na fito mushe, wato malamin makaranta, hannuna alli ya sani, bai san gular kiɗa ba.

Shekara ta biyu da ruwa ya ƙi, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone. Tabkin garinmu ya ja baya ya bar laka tana tsagewa. Samari suka bi hanyar Jibiya da Katsina, da farko su kaɗai, daga baya da mata da yara. Ba gayya, ba gona. Baba ya rataye gangarsa a bangon zaure, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, ya juya fuska ga bango. In ka gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Kunun jar dawar taimako sai ya kurɓa sau biyu ya ture ƙoƙon. Na ji tsoro ƙwarai. Wasu yunwa ke kashe su, shi kuwa na ga shirun nan ne zai kai shi, kuma ban san da me zan buɗe masa baki ba.

A lokacin akwai wani anasara mai haƙa rijiyoyi da nake yi wa tafinta ranakun da ba lakwal. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini garmahonsa mai aiki da pil, wato batir, da faifai guda ɗaya. Kwalin baƙi ne wuluk da ɗige-ɗigen taurari. Anasaran ya ce babu ganga a ciki, babu goge, babu muryar mutum. Da injin lantarki aka yi shi, wai kiɗan sararin samaniya ne, can inda ba iska ba tsuntsu. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ilimin mushe ai ba ya yarda a ga iyakarsa.

Bayan la'asar na ɗora garmahon a ƙofar zaurenmu, maƙwabtan da suka rage suka taru. Na sa allura. Wani gunji ya taso a hankali, ya daɗe bai hau ba bai sauka ba. Can sai wani siririn fito ya ratsa shi ya ɓace. Sai ɗis, ɗis, kamar ana ɗiga ruwa a rijiya mai zurfi. Sai gunjin kuma.

Telan unguwarmu ya jira, ya jira, ya ce, “Mushe, ya hwara ne, ko gyara shi kake yi?”

Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya zo gaida gyatumarsa ya ce in motarsa ta yi wannan kuka, nan take yake sauke fasinja. Ladan ya yi a'uziyya ya matsa baya, ya ce shi bai ce aljannu ba ne, amma bai ce ba su ba ne. Matata daga bayan danga ta ce sauro ne ya faɗa tulu. Ni kaina, gaskiya, kaina ya fara sarawa, amma na haɗe fuska irin ta mai sani.

Telan ya sake cewa, “To, taken wa ne? Wa anka yi ma shi?”

Na ce ba kowa.

“Kiɗi ba mai shi? Ai wanga sallama ce a kango.”

Aka yi dariya, irin ta masu yunwa, gajeriya. A wurinmu kiɗa na wani ne: na mahauta, na maƙera, na amarya, na manomi. Kiɗan da ba a yi wa kowa ba, ba a san ta inda za a saurare shi ba. Suka kakkaɓe riguna suka watse, na zauna da kunyata.

Ina rufe garmahon sai na ji murya daga cikin zaure.

“Sake shi.”

Baba ne, yana zaune. Na sake sawa. Ya miƙe da ƙyar ya sauko da gangar, fatar ta saki, ya riƙe gula sama yana neman inda zai shiga. Ya nema har faifan ya ƙare, bai samu ba. Ya ajiye gular.

Ya ce, “Babu ƙahwa a cikinai. Ba wanda ke tahiya, ba wanda ke aiki. Wanda ya yi wanga ya taɓa tsayawa inda mutane sunka tashi.”

Washegari ya ce in sa masa. Da gunjin ya miƙe, sai Baba ya ɗaga kai ya buɗe murya, ba da ƙarfin da ba, amma ita ce:

“Bajimin bakin tabki, mai kunya ɗari kahin hantsi, ina ka kwana?”

Kirarin maƙwabcinmu ne da ya tafi Katsina ba a sake jin labarinsa ba. Baba ya bar siririn fiton ya wuce, ya kira wani, wanda muka binne da bazara. Haka ya yi ta yi, gida gida, yana bin unguwa yadda take kafin ta zama kangaye. Telan ya dawo ya tsaya bakin ƙofa, da aka zo kan ƙanensa ya rufe fuska da hula. Ran nan Baba ya shanye kununsa.

Kwana tara muna haka. Wata rana na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, ni fa? Ba ka taɓa yi mini ba.”

Ya dube ni ya ce, “Kai ai kana nan. Wanga na waɗanda ba su nan ne.”

Pil ya fara sanyi, gunjin ya yi ƙasa yana jan jiki, rana ta goma ya tsaya cik a tsakiyar kirarin wani. Baba ya jira, ya koma ya kwanta. A kasuwarmu ba pil, sai Maraɗi. Ran Litinin ne pil ɗin ya mutu. Na ce bari Alhamis ta zo, ranar da ba lakwal, don kada a ce mushe ya bar aji saboda kiɗa. Ajin da bai fi yara bakwai ba! Har yau in na tuna wannan lissafin nawa sai in ji haushin kaina.

Alhamis na bi kamyo da sassafe. Na dawo bayan azahar da pil a aljihu, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza suna wanke ƙafa. Sun riga sun kai Baba maƙabarta sun dawo.

Bayan arba'in, da rana, na shiga zauren ni kaɗai. Na sa sabon pil, na ɗora allura. Gunjin ya taso, fiton ya wuce, wurin da Baba yake shiga ya zo. Yanzu shi ma yana cikin waɗanda ba su nan, kiɗan nasa ne. Na buɗe baki.

Ban san kirarinsa ba. Na tambayi tela, na tambayi ladan, na tambayi tsofaffin Safo. Shekara arba'in yana kiran kowa da kakansa, ba wanda ya taɓa kiransa.