Mairama Mai Ƙanƙara da Injin Magagi

Duk wanda ya taɓa shan ruwan sanyi a kasuwar Filinge ya sha na Mairama, ko ya sani ko bai sani ba. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa ganin mace mai dariya irin tata ba. In ta fashe da ita, kajina har watsewa suke yi. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Kurfai, ta tashi cikin daka da jan ruwa. Sai da aure ya kawo ta gari ta fara taɓa ƙanƙara, aka ce ranar jefar da ita ta yi tana ihun ta ƙone ta. To yau ga ta da manyan firigo biyu, ita ke daskarar wa rabin gari ruwa.

Ita ke da firigo, mijinta Magagi ke da inji. Wani tsohon janareto ne, wanda mu nan muke ce wa gurup, yana zaune a lungu ƙarƙashin rumfar kwano. Da an ɗauke wuta sai Magagi ya tashi, ya ja igiya, ya sauke wani hannun ƙarfe da ke jikin bango, firigo su ci gaba da aiki. Mairama ba ta taɓa tambayar yadda ake yi ba. Cewa take yi ai ba a haifi ranar da za ta sa hannu a baƙin mai ba.

Bayan girbi Allah ya yi wa Magagi rasuwa. Ta yi takaba cikin sanyi, lokacin da ba mai neman ƙanƙara, firigo a kashe. Tana fita takaba zafi ya kunno kai, azumi kuma ya ƙarato. Nan hankalinta ya tashi, don a azumi take samun abin da za ta ci shekara. In aka ɗauke wuta yini guda injin ya ƙi, komai ya narke, masu saye su koma wani gida, kuma ba dawowa suke yi ba.

Sai ga mashawarta, har uku. Issa, ƙanen marigayi, wanda bai taɓa gyara ko tocila ba, ya ce a tayar da injin kowace Juma'a, amma kada a ɗora masa komai, kada a wahalshe shi. Ummul, ƙanwarta, mai shara a asibiti, ta ce su can kullum da safe ake tayarwa. Ibrah mai gyaran babura ya ce yawan tayarwa a sanyaye shi ke kashe inji, sau ɗaya a wata ya isa. Kowannensu kuma rantsuwa yake yi haka marigayi yake yi.

Mairama ba ta son ɓata wa kowa, sai ta bi duka. Da safe Ummul ta biyo ta ja igiya, ran Juma'a Issa ya zo da babbar riga ya sake ja, Ibrah ya jiyo ƙara daga bakin titi ya rugo ya kashe yana sababi. Unguwa ta koma gidan kallo. Mu har mun daina duba agogo, da mun ji tarin injin mun san lokacin koko ya yi. Ni dai haushi ya kama ni, don hayaƙin duk ɗakina yake shiga.

Ana saura 'yan kwanaki azumi ta yanka zabi, ta gayyato su ukun, da ni a matsayin shaida. Ta ajiye tukunya a tsakar gida, ta buɗe murfi ƙamshi ya buge mu, ta mayar ta rufe, ta ɗora ƙafa a kai.

"Yau ba mai ci sai kun ba ni magana guda," in ji ta. "Guda tak. Na gaji da dokoki ukku ga inji ɗaya."

"Haba matata," in ji Issa, don da ma wasa suke yi, "a ci tukuna, ciki shi ad da shawara."

"Cikinka dai. Ku yi ta."

Suka kaure. Issa na buga ƙirji, Ummul na tafa hannu, Ibrah ya cire hula ya mayar ya fi a ƙirga. Ni ina gefe dariya ta hana ni zama daidai. Can Mairama ta ɗaga ludayi.

"Ku tsaya. Duk tayarwar da kuka yi, wa yat taɓa sauke hannun ƙarhen nan? Wa yag ga injin ya ɗauki firigo?"

Ashe duk makwannin nan injin ihu kawai yake yi, bai ɗauki ko ƙwan fitila ba.

Ibrah ya sosa ƙeya ya ce gaskiya gwajin ƙwarai sai an kashe wutar gari an ɗora masa kaya. Issa ya ce wane mahaukaci zai kashe wutarsa da hannunsa alhali akwai ta, ga firigo cike da ruwan da ya fara kamawa? Mairama ta ce ita ce mahaukaciyar. Gara injin ya ba ta kunya yau da ya ba ta ita ranar goma ga azumi.

Ta ɗaure zani, ta kashe wutar gidan, rana tsaka. Ta kama igiya ta ja, ta faɗi zaune daɓas. Muka kwashe da dariya, ita ta fi kowa. A ja na uku ya kama. Ta yi bisimilla ta sauke hannun ƙarfen. Injin ya yi wani nishi kamar jakin da aka labta wa buhu, ya yi kamar zai mutu, sai ya riƙe. Firigo biyu suka ɗauki gurnani. Ummul ta rangaɗa guɗa, Issa ya tashi yana taka rawa da babbar riga kamar shi ya ƙera injin, ni kuma na buɗe tukunya ba tare da izinin kowa ba.

Muna cikin haka sai ga Inna Muna da sanda, ko takalmi babu. Tsohuwa ce mai ciwon numfashi, ita kaɗai take zaune a wani ɗan ɗaki bayan gidan Mairama, kuma kowa ya san ba a taɓa ja mata wuta ba.

"Ɗiyata! Hwankata ta tashi! Tun da Magagi yak kwanta ba ta motsa ba, yanzu ina kwance sai iska!"

"Wace hwanka, Inna?"

"Wadda yab ba ni mana. Cewa yay yi kar in hwaɗi ma kowa."

Ibrah ya bi bango da ido, ya tono wata siririyar waya da aka shafe da laka, daga injin ta haura katanga. Ya dawo yana girgiza kai. Ya ce mu saurari yadda injin ke shaƙewa, ya kai iyakarsa, ko cokali ba zai ƙara ɗauka ba. In ana son firigo su kai azumi lafiya, dole a rage wani abu, kuma wayar nan ita ce ta fi sauƙin yankewa. Har ya zaro filaya daga aljihu.

Mairama ta dubi wayar. Sai ta juya ta shiga ɗakinta, inda tata fankar ke juyawa, ta zare ta. Nan take muryar injin ta daidaita.

Ta fito tana dariya, hawaye na zuba har haɓa.

"Ga dokar, guda ɗaya. Kowace Alhamis bayan azahar a kashe wutar gari, a ɗora mai firigo duka, da hwankar Inna. Tawa a zare ta." Ta share fuska da bakin zani. "Kullum anka ɗauke wuta sai Malam, Allah shi jiƙan shi, shi zare ta, shi ce wai ba ta jituwa da gurup. Shekara da shekaru ina yi mai masifa cikin zuhwa, bai taɓa tanka mini ba."

Ta dubi Ibrah.

"Mai da abinka aljihu."