Mai Neman Kiɗan Goɗiya

Awa guda ke nan ina tsaye a rumfar Mu'azzam, mai tura waƙoƙi a waya a kasuwar Kazaure, dattijon da ke gabana ya ƙi matsawa. Dogo ne siriri, rigarsa duk gashin doki. Duk kiɗan da aka kunna masa, sai ya rufe ido yana buga cinyarsa da yatsu huɗu kamar takun kofato, sannan ya girgiza kai.

"Wannan ya yi sauri, ƙafar goɗiyata ta baya ba za ta kamo shi ba."

Motar Babura za ta bar ni saboda rawar goɗiya! Ina jin mutumin nan ya fi sanin takun dabbarsa a kan sunayen jikokinsa.

"Baba, ka nemo mai kalangu mana, mu ma mu samu wuri," na ce.

Ya juyo ya dube ni. "Ɗana, shekara tara mutum ɗaya ke yi mata kiɗa. Da azumi muka binne shi, ga bikin Roni ran Asabar."

Ya koma ga Mu'azzam. "Sa na gaba."

Na haɗiye tsakina, na nemi gefen benci na zauna.