Ranar da Umma ta Kora Jaki a Santorini

Wata Laraba ce, a hutun zafi na shekarar da na gama aji uku na firamare, kwalekwale mai inji ya ɗauko mu daga babban jirgin ruwa ya sauke mu a gindin wani tsibiri na ƙasar Girka da ake kira Santorini. Na ɗaga kai na hango garin can bisa dutse, gidaje farare fat da shuɗayen ƙofofi, hanyar matattakala tana ta lanƙwasa har sama. A bakin hanyar jakuna ne jere, an rataya musu ƙararrawa, suna jiran masu yawon buɗe ido. Warin kashinsu ya doke ni na toshe hanci. Umma kuwa tsayawa ta yi tana kallonsu.

A Alƙahira aka haife ni, a unguwar Darrasa, inda Baba ya zo karatu daga Maradi ya zarce da sayar da littattafai. Aikina da safe shi ne in zura kwando da igiya ta taga in karɓo gurasa, in sauka da kwano in sayo ful, dafaffen waken nan na karin kumallo, kafin in wuce makaranta. Da yamma mu haye rufin bene ni da ƙanena Sani mu yi 'yar gala-gala tsakanin igiyoyin shanya, tattabarun maƙwabcinmu na shawagi a kanmu. Umma kan yi shanya tana waƙa, tana cewa, "Yalla, maza ku yi wasanku nesa da wankina." Amma a shekarar nan Kaka, mahaifiyarta, ta rasu a ƙauyensu can gida, labari bai iso mu ba sai bayan an yi jana'iza. Tun daga nan Umma ta yi shiru. Tana girki, tana wanki, magana kuwa sai ta zama dole. Shi ya sa da wani abokin Baba mai ofishin tafiye-tafiye a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, ya samar mana ɗaki a jirgin da ke tashi daga Iskandariyya, Baba ya rufe shago ya ce, "Khalas, shi ke nan, mu tafi, ko iska ta sha."

Baba ya hau jaki ɗaya da Sani a gabansa, aka ɗora ni a kan wani, Umma ta ce ita da ƙafa za ta hau. Mun yi nisa sai nawa jakin ya matsa jikin guntuwar katangar gefen hanya ya toge. Na leƙa na ga teku can ƙasa, jirginmu ya koma kamar abin wasa. Mai jakunan, wani tsoho mai farin gashin baki, ya riga ya sha kwana da sauran. Na ƙanƙame sirdi na fashe da kuka. Sai ga Umma ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta shiga tsakanin jakin da katangar, ta sosa masa bayan kunne, ta yi wani sauti da harshe da ban taɓa jin ta yi ba. A hankali ta ce masa, "Haba mana, taka." Ya kaɗa kunne ya taka. Haka ta koro shi har sama. Da tsohon ya gan mu sai ya yi dariya, ya miƙa mata sandarsa.

Muka zauna a inuwar wata rumfar inabi muna cin gurasa da zaitun da farin cuku. Ba wanda ya tambaye ta, ita ta fara. "Kakarku ce ta koya mini. Jakinmu ba ya son duka, sai lallashi." Ta ba mu labarin yadda suke sammako zuwa rijiya, ita tana bisa jaki tsakanin salkunan ruwa, Kaka na biye a baya da tulu a ka. Tana cikin labarin muryarta ta karye, Baba ya juya yana kallon teku. Can kuma ta lura hularsa ta faɗi a hanya bai ma sani ba, ta yi dariya har da riƙe ciki. Muna nan zaune har jirgi ya busa ƙahon kira, muka gangaro da ƙafa. Bayan mun dawo Darrasa, ba a daɗe ba waƙa ta dawo rufin benenmu.

Yanzu ina unguwar Madinat Nasr, a nan Alƙahira, da nawa 'ya'yan, Hausarsu rabi Larabci. Baba da Umma sun koma Maradi tuntuni, gwiwoyin Umma ba sa ƙara yarda da matattakala. Ranar Juma'a nakan kira ta, in ji kaji na kuka a bayanta, mu yi ta hira har layi ya katse. Nakan daɗe riƙe da wayar kafin in ajiye.