Zanina a Jikin Karen Turawa

Mu uku ne a motar: ni, da maƙwabciyata mai sayar da turaren wuta, da mijinta a kan sitiyari. Ana sallame asuba muka bar unguwarmu Rusaifa a Makka zuwa Jidda. Su sari za su yi, ni kuwa 'yar ƙanwata ce ta kira ni tana kuka.

Aikatau take yi a wata unguwar Turawa mai katanga da mai gadi, kuma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama. Masu gidan sun yi tafiya sun bar mata karensu, ga shi ranar ce bikinsu na ƙarshen Oktoba, wanda yara ke shigar fatalwa suna bin gida-gida neman alawa. Bara karen ya firgita ya fice, har masu tsaro suka shigo falo suna tambayoyi. Bana in suka shigo, ita kaɗai za su tarar, kuma takarda za su fara nema.

Hanya sumul, sai duwatsu da manyan motoci. Mun tsaya cin tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, aka ce riyal bakwai. Na ce da mai shagon a da riyal biyu ke ƙosar da ni. Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Jidda ta tarbe mu da gumi mai danƙo. A unguwar kuwa na ga abin mamaki. Kabewar da za ta yi miyar taushe ta kwana uku an huda mata ido da baki an ajiye a ƙofa. Har yanar gizo, da nake sharewa kullum, sayo ta suka yi suka rataya.

Karen ja ne, ƙato, kunnuwa a zube. Shekara arba'in ina Makka ban taɓa kai hannu jikin kare ba, don haka na zauna can nesa ina harararsa.

Ana idar da magariba aka fara danna ƙararrawa. Karen ya zabura yana haushi, yana kartar ƙofa.

"Hala, wallahi zai ɓalle!" in ji yarinyar, da yake haka take kirana, inna ke nan da Larabci.

"Ke, rufa min baki. Ihunki ya fi nasa."

Na sa ta fitar da kwanon alawar da masu gidan suka bari waje don a daina danna mana, ta saki labule. Muka kai shi ɗakin wanki, ta kunna injin don ya danne hayaniya. Duk da haka jikinsa bai bar ɓari ba. Sai na tuna yadda nake yi wa jariri idan tsawa ta firgita shi. Na zaro zani daga jakata, na naɗe masa ƙirji tam kamar goyo, na ƙulle. Hannuna ya taɓa shi, ya taɓa. Ina jijjiga shi da gefen ƙafa, ya sauke numfashi ya kwanta.

Can aka ƙwanƙwasa da hannu. Yarinyar ta maƙale bayan injin. Na yafa mayafi na buɗe, sai ga mai gadi, wai kwano ya ƙare. Na juye masa dabinon guzurina.

"Karen fa, Hajiya? Ban ji shi ba."

"Barci yake. Kai ma rage murya."

Ya tafi a hankali. Na mayar da ƙofa na kulle.

Abin da na koyo shi ne, mai jin tsoro ba tsawa yake so ba, ko mutum ko dabba. A rufe masa ƙofa a zauna kusa da shi.

Washegari da safe na wanke hannuna sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yadda maƙwabtanmu Larabawa ke yi. Na je kwance zanina, ya ɗora haɓa a kai yana kallona. Na bar masa. Kafin azahar ina ɗakina a Rusaifa, maƙwabciyata ta tambaye ni ina atamfar nan mai kore. Na ce kyauta na yi da ita.